Aron Yini Ɗaya a Rantsuwar Kawu

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kontagora, mu uku a kujerar tsakiya ta motar haya: ni, da Kawu, da 'yarsa. Masu tambaya ina na shiga kwana biyu, shago a rufe, waya ba ta shiga, to ga amsarku. Abuja muka je neman wa zuciyar Kawu magani, kuma alhamdu lillahi mun dawo da shi yana tafiya da ƙafarsa.

Kawu yayan mahaifiyata ne, manomi a wani ƙauye bayan Salka, kuma dattijo a cocinsu. Ni a gidan Musulmi na tashi cikin gari, amma kowane hutun makaranta a gonarsa nake yin sa, shi ya koya mini riƙon fartanya tun kafin in san zan ƙare da sayar da iri da maganin feshi. 'Yarsa kuwa taubashiyata ce, ma'aikaciyar jinya, kuma tun muna yara ba ta taɓa bari na kai ƙarshen magana ba. Ita ta haɗa takardu, ita ta samo ranar ganin likita. Ni kuwa, in ji ta, an tafi da ni ne saboda jaka tana da nauyi.

Ciwon Kawu shi ne zuciyarsa ta daina bugu bisa tsari. In ka kama wuyan hannunsa sai ka ji kamar mata uku na daka a turmi ɗaya, kowacce da nata lokacin. Abin ba zuwa yake ya tafi ba, zama ya yi daram dare da rana. Bara an yi masa aikin da aka saba yi wa masu irin ciwon: an zura siririyar waya ta jijiyar saman cinyarsa har cikin zuciya, aka ƙona bakin wasu jijiyoyi huɗu masu kawo jini daga huhu, inda yawanci rikicin ke tasowa. Ya samu wata huɗu lafiya lau, har ya yi sharar gona. Daga nan abin ya dawo. Mutumin da ke zuwa kasuwar Salka da ƙafa ya koma sai ya huta sau biyu tsakanin ɗakinsa da rumbu. Wannan shi ya fi ci masa rai, ni ma shi ya fi ci mini.

Hanyar Kontagora zuwa Tegina, wanda ya san ta a ƙarshen damina ba sai an yi masa bayani ba. Ramuka sun cika da ruwa, ba ka sanin zurfinsu sai ka ji cikin mota ya daki ƙasa. Direbanmu ya san kowanne da halinsa, yana kauce wa wani, yana shiga wani da bisimilla. Akwai wurin da hira ta mutu a motar ba wanda ya ce a yi shiru, kowa ya zuba wa daji ido, mai carbi na ja, matar da ke bayanmu na motsa baki. Sai da muka hango shingen jami'an tsaro sannan wani ya yi tari, aka ci gaba da zancen tsadar taki daga inda aka tsaya.

Kawu bai kula da ramuka ba, gonakin mutane yake dubawa ta taga yana yanke musu hukunci. Wannan ya cika masara kusa-kusa, wancan ya makara da noma na biyu, ga wani can ya bar ƙuduji ya cinye masa dawa yana kallo. Na ce Kawu, da ya zo shagona da bai ga haka ba. Ya ce da ya zo shagonka da ya ga abin da ya fi haka. Duk motar aka yi dariya, taubashiyata ta fi kowa.

A Tegina muka karya kumallo da ƙosai da kunu. Ƙosan ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin bakinka ya san an sa masa abu, kuɗin kuwa ya girma. Ƙarfe takwas daidai taubashiyata ta ciro ƙwayar da ke hana jini daskarewa ta tsaya kan mahaifinta sai da ya haɗiye. Ta ce wannan ita ce ba a wasa da ita, domin zuciyar da ba ta bugu daidai tana iya tara gudan jini, in ya ɓalle ya hau kai sai shanyewar ɓarin jiki. Goro kuwa ta ƙwace tun a gida. Na ga Kawu yana bin wani mai tallan goro da kallo har ya sha kwana.

Kogin Kaduna a Zungeru ya cika ya batse, ruwan ja wur, mata na bin motoci da tiren ƙyafaffen kifi. Na saya mana, aka ce Kawu ba zai ci ba saboda gishiri, sai ni da 'yarsa muka cinye don kada a yi asara. A Minna muka sauya mota. Daga nan kuma sai doya, an jera ta a bakin titi wajen Paiko da Lambata, manya-manya, Kawu ya ce ko ba komai Gwarawa sun iya tara kunyar doya. Tireloli suka riƙe mu a Suleja fiye da awa guda. La'asar ta yi lis muka wuce Dutsen Zuma, muka sauka gidan wani ɗan garinmu a bayan gari, Kawu ƙafafu sun kumbura, takalmi ya ƙi fita sai da dabara.

Washegari Talata muka ga likita. Ɗan ƙasar nan ne, a waje yake aiki, yana zuwa wannan asibiti lokaci-lokaci ya yi kwanaki ya koma. Ya ce a Arewa ya yi bautar ƙasa, saboda haka yana da Hausar gaisuwa da ta sayen nama, sauran sai da tafinta. Ya duba hotuna, ya duba doguwar takardar nan mai zanen bugun zuciya, sannan ya jawo farar takarda ya zana mana zuciya kamar ɗaki. Ya ce aikin bara kamar share gefen gona ne don kada wutar daji ta tsallako. An share inda aka saba, amma a wajen masu ciwon da ya daɗe, wutar kan samu wata hanyar. Da Kawu ya ji haka sai ya gyara zama, an zo wurin da ya gane.

Likita ya lissafa abin da ya rage, ya ce ba kowa ake yi wa su ba, sai wanda aikin farko bai riƙe shi ba. Ana iya komawa a duba shingen bara a toshe inda ya ɓule, a ƙara killace bangon baya na ɗakin. Akwai sabuwar hanya ta bugun lantarki maimakon zafi, amma injinta bai iso wurinsu ba tukuna. Akwai wadda ake haɗa hannu da likitan fiɗa ya shiga ta ƙasan ƙirji, ya ce jikin Kawu bai kai a kai shi can ba. Akwai kuma ta ƙarshe, wadda ba a komawa baya in an yi ta: a katse mahaɗar da ke kai umarni daga saman zuciya zuwa ƙasanta, a dasa na'ura mai batir a ƙarƙashin fatar ƙirji, ita za ta riƙa ba zuciya lokaci har ƙarshen rai. Ya ce wannan ta wanda dabara ta ƙare masa ce.

Sannan ya ɗiga biro a wani lungu na zanen. Ya ce nan yake zargi, naman wurin yana da kauri, zafin waya ba ya ratsa shi. Amma akwai wata 'yar jijiya siririya da ke bi ta bayan wurin. In aka same ta, domin ba kowa ake samun tasa ba, sai a toshe bakinta a zuba mata wani ruwa kaɗan, wanda bai cika cokalin miya ba, ya kashe hanyar daga waje, sannan a ƙarasa da wayar daga ciki. Wannan yake ganin ya fi dacewa da Kawu. Da ya faɗi sunan ruwan da Turanci sai na ga taubashiyata ta yi turus. Ni ma na ji, na kuma san Kawu ko ƙwaryar da aka taɓa zuba burkutu ba ya sha da ita. Na taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur, na ce a hankali ki ce ruwan magani ne. Ta janye ƙafarta ta harare ni, ta juya ta gaya wa mahaifinta gaskiya: tsantsar abin nan ne mai sa maye a cikin giya.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki hularsa daga kan gwiwa ya sa, ya ce, "A gaya wa likita na gode. A sa mini batir ɗin."

Likita ya yi bayani har ya gaji. Ya ce ba sha za a yi ba, ya ce yana barci za a zuba, ya ce ma giyar sha tana cikin abubuwan da ke tayar da wannan ciwo, shi ba mai goyon bayanta ba ne. Kawu ya ce to ka gani. Likita ya ce zai iya sake ƙonawa ba tare da ruwan ba, sai dai ba ya jin zai riƙe. Kawu ya ce shi ba zai sa yara su sake biyo wannan hanya da shi karo na uku ba, a yi mai gaba ɗaya. Likita ya ce batir yana son a riƙa kawo shi dubawa, kuma daga ranar da aka katse mahaɗar, zuciyarsa ta dogara da na'urar ke nan. Ya ce shi ba ya son yi wa mutum abin da ba a warwarewa alhali akwai wata ƙofa a buɗe. Ya ba mu zuwa ƙarfe goma sha biyun ranar Laraba, domin Alhamis ce ranarsa ta ƙarshe ta aiki kafin ya koma.

Da muka fito raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Na zauna kusa da Kawu a baranda na buɗe masa karatu. Na ce ko a addinina, da ya fi kowa tsanani kan giya, malamai sun yi magana kan lalura. Na ce a kira fastonsu, na tabbata shi ma haka zai ce. Ya bari na gama, abin da 'yarsa ba ta taɓa yi mini ba, sannan ya ce, "Ɗana, ni ba da malami na yi alkawari ba, ba kuma da fasto ba. Wanda ya ɗaura shi ke kwancewa."

Ruwa ba ya tsami banza. Taubashiyata ta ja ni gefe ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba duk zamana a gidansu. Tana 'yar ƙarama, wata shekara an yi amfani mai kyau, an yanke dawa an tara dammuna a gona ana jiran kwasa. Kawu ya kunna wuta a gefen gonar don ya ƙone ciyawa ya tsare dawar daga wutar daji. Ranar kasuwa ce. Abokai suka biyo, ya ce bari ya je ya sha ƙwarya ɗaya ya dawo. Yana can yana waƙa iska ta juya. Ko dami ɗaya ba a fitar ba. Shekara guda cur mahaifiyarta, wadda muke kira Inna, tana bin gidajen dangi da ƙwarya a ƙarƙashin zane don kada a gani. A gidansu har yau shekarar toka ake ce mata. Washegarin gobarar Inna ta kai shi gonar, ta ɗebi tokar dawarsu ta zuba masa a tafin hannu ta dunƙule hannun da nata, ya rantse giya ba za ta ƙara shiga jikinsa ba. A wajen tsofaffinsu, rantsuwar da aka yi a hannun mutum tasa ce, ba mai sakin ka sai shi. Shekara talatin da wani abu ke nan, ni kuma ina ta zaton dokar coci ce kawai.

Na ji kunyar taka ƙafar da na yi. Na ce to ai abin ya zo da sauƙi, a kira Inna. Taubashiyata ta ce kai dai ba ka rabuwa da hankalin 'yan birni. Inna ba ta da waya. A ƙauyensu ma sabis ba ya sauka sai a kan wani dutse da ke bayan makarantar firamare, kuma tsakanin gida da dutsen akwai rafi. Muka samu wani maƙwabcinsu mai sana'ar babur a Salka, magidanci mai kirki, ya ce zai je da kansa ya kai saƙo, da safe ya hau da ita dutsen. Kawu ya ce a gaya mata komai yadda yake, kada a rage kada a ƙara, in ta ce a'a shi ke nan.

Safiyar Laraba muka dawo asibiti muka zauna da waya a hannu. Ƙarfe takwas shiru, tara shiru. Na kira mai babur ya fi sau ashirin, kullum matar nan ta cikin waya ce ke ba ni haƙuri. Wajen ƙarfe goma wani ɗan'uwa daga Salka ya kira ya ce an kwana ana ruwa a yankin, rafin ya kawo, ko shanu ba su tsallaka ba. Na fita na zaga harabar asibitin na dawo, na sayi ruwa ban sha ba. Abuja gari ne mai kyau, tituna shimfiɗe, furanni a jere, amma ranar ko ɗaya bai burge ni ba. Kawu yana zaune da hannuwa bisa gwiwa, numfashi sama-sama, ya ce in zauna ina sa shi jiri. Ya ce in lokaci ya cika ba a same ta ba, maganarsa tana nan, batir ko gida.

Sha ɗaya da rabi ta wuce wayar taubashiyata ta yi ƙara. Mai babur ne, yana haki. Ya ce ya bar babur a tsallake, shi ya ce a jira ruwa ya ja, Inna ta ce likita ba zai jira ba. Ta karɓi wayarsa ta ɗaure a leda ta sa cikin ƙwarya ta ɗora a ka, ta shiga ruwa har ƙugu, shi ya biyo ta yana salati. Mace mai jikoki goma sha. Muka ruga ofishin likita, aka buɗe muryar wayar kowa na ji, Inna na magana, 'yarta na fassara.

"Likita, sannu da aiki. Abin nan da za ka zuba masa, zai ji daɗinsa?"

Likita ya ce a'a Mama, barci zai yi, in ma ya ji wani abu to ciwo ne bayan ya farka.

"Zai yi waƙa?"

Likita ya dube mu ya ga ba wanda ya yi dariya, sai ya ce ba zai yi ba.

"Zai kunna wuta ya tafi ya bar ta?"

Wannan ba a fassara ba. Kawu ya sunkuyar da kai yana kallon tafin hannunsa. Muna jin iska na kaɗawa a kan dutsen. Can ta ce a ba ta maigida.

"Maigida, kana ji na?"

"Ina ji."

"Ban sake ka ba. Aro na ba ka. Gobe kaɗai, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. In ka dawo ka maido mini da abina."

Kawu ya ce to. Ya ƙara cewa to. Sannan ya ce ta jira ruwa ya ja kafin ta koma, ta ce wannan ba ruwansa, wayar ta mutu. Na fita waje na jingina da bango. Taubashiyata ta fito tana share ido ta ce ashe mai ɗaukar jaka ma yana kuka, na ce ƙurar asibiti ce, ta ce ai kuwa an goge ko'ina.

Na zaci an gama, ashe da saura. Ranar Alhamis Kawu ne na uku a layi, ba ci ba sha tun daren jiya. Da safe aka leƙa zuciyarsa da wata 'yar kyamara ta maƙogwaro, aka ce babu gudan jini, ƙwayar ƙarfe takwas ta yi aikinta. Amma aikin mutum na farko ya ja lokaci, na biyu ma haka. Azahar ta yi, ta wuce. Kawu ya sa aka ɗaga masa labulen taga, yana kwance yana auna rana da ido yadda yake yi a gona. Duk ma'aikaciyar da ta shigo sai ya ce mata, 'yata, rana tana tafiya fa. Da likita ya leƙo aka gaya masa sharaɗin aron, bai yi dariya ba. Ya ce a gaya wa Baba ruwan shi ne farkon abin da zai yi in an shiga, ƙonawa ce za ta biyo baya. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna aka tura shi.

Zaman jiran nan ba ni da abin faɗa a kansa. Na yi la'asar a masallacin asibitin, taubashiyata tana kan benci da ɗan littafin addu'arta, kowa ya kama ƙofar da ya sani. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa aka fito da shi. Likita ya cire abin rufe baki ya ce an samu jijiyar, an zuba tun kafin ƙarfe uku, kuma ana cikin ƙonawa zuciyar ta koma kan tsarinta. Ya nuna mana allon injin da ke gefen gadon. Ni ban iya karanta shi ba, amma na ga tsinin zanen suna tafiya a jere, tazara ɗaya, kuma ƙarar tana fita ɗaya bayan ɗaya. Da Kawu ya buɗe ido bai tambayi ko an yi nasara ba. Cewa ya yi, "Rana ta faɗi?" Muka ce da saura. Ya ce madalla, ya koma barci.

Likita bai yi mana romon baka ba. Ya ce wata ukun farko zuciya na iya yin tuntuɓe, kada mu firgita, kuma ko bayan nan ba wanda zai rantse ciwon ba zai dawo ba. Maganin jini ba a daina shi sai ya ce. Ban da ɗaukar kaya, ban da hawa babur na 'yan kwanaki saboda wurin da aka huda a cinya. Kawu ya tambayi yankan dawa, aka ce ya je ya tsaya a inuwa ya yi faɗa, wannan an yarda masa. Ya sha awanni a kwance ba lanƙwasa ƙafa, yana mita cewa gadon ya cika laushi. Washegari ya taka barandar asibitin daga wannan ƙarshe zuwa wancan ya dawo bai nemi kujera ba. Ni na bi shi a baya ina jiran ya tsaya, sai ni na fara gajiya.

Asabar muka kamo hanya. Doyar Lambata da muka wuce a zuwa, wannan karon sai da muka tsaya, Kawu ya zaɓa da kansa ya yi ciniki har mai doyar ta ce Baba kai ba marar lafiya ba ne. A Zungeru 'yarsa ta yarda ya ɗanɗana kifi kaɗan. Ramukan Tegina suna nan inda muka bar su, amma ban ji haushinsu ba.

A motar na yi ta juya abin da tafiyar nan ta koya mini. Na farko, in aikin zuciya bai riƙe ba a karon farko, ba ƙarshen magana ke nan ba, akwai sauran hanyoyi, sai dai mutum ya zauna da likitan da ya san su ya tambaya har ya gane, kuma kada a yi gaggawar zaɓen wadda ba a komawa baya. Na biyu, kada a ɓoye wa marar lafiya abin da za a sa masa a jiki. Da taubashiyata ta bi shawarar ƙafata, da an gyara wa Kawu zuciya an karya masa abin da ya riƙe shekara talatin, kuma da wata rana sai ya ji. Na uku, ana cewa alkawari kaya ne, ni dai sai a wannan tafiya na ga wanda ya ɗauke shi da gaske.

Mun kwana Kontagora, Lahadi bayan an taso coci muka ɗauki mota ta Ibeto zuwa Salka, daga nan aka lallaɓa da ita har ƙofar gida, tun da an hana babur. Rafin ya ja, ya koma iya idon sawu, kamar ba shi ba. Jama'a sun cika gidan, ana sannu ana barka. Inna ba ta fito tarya ba. Tana bakin murhu, sai da hayaniya ta lafa ta taso, hannunta a dunƙule. Ta tsaya gaban Kawu ba ta ce sannu da zuwa ba. Shi kuwa ya miƙa mata tafin hannunsa tun ba ta tambaya ba. Ta zuba masa tokar murhu, ta rufe hannun da nata biyu, ya faɗi abin da zai faɗa da yarensu a hankali, ba wanda ya ji sai ita.

An gama, amma ba ta sake shi ba. Yatsunta suka sauka kan wuyan hannunsa suka tsaya. Ta karkata kai tana saurare, ta daɗe a haka, mu duka muna tsaye. Sannan ta ɗago ta dubi 'yarta ta ce, "Mutum ɗaya ke dakan yanzu." Ta juya wurin Kawu ta ce ya je ya wanke hannu, tuwo na hucewa.